Dutsen Biu a ƙafar Inna

Gwandu, Laraba, 14 ga Agusta, 1974

Ban taɓa gaya wa kowa ba: shekara guda ina ɓoye wani baƙin dutse mai ramuka, wanda Yaya Bello ɗan Baffa ya kawo mini daga Biu. Ya ce duwatsun can sun taɓa aman wuta tun kafin kakanninmu, kuma barci suke, ba su mutu ba.

Yau na tarar Inna tana goge kaushi da shi.

"Ke, wanga ya fi na kasuwar Kalgo! Don mi kike ɓoyonai?"

Yaya Bello ma bai san dalilin ba, ga shi gobe zai koma Biu, sai baɗi. Wasiƙar da na rubuta masa tana cikin littafin soyayyata. Kafin motarsu ta tashi zan miƙa masa da hannuna.