Kaset ɗin Kokawar Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kaset ɗin bidiyon kokawar Baba da na taho da shi don a juye mana a waya, danshin garin nan ya lalata shi. Na zaga shagunan titin Huanshi Lu kaf ina neman mai gyara shi, kowa sai ya ce "meyo", wato babu. Jiya Baba ya kira ni: "Sani, yaushe zan ga kaina a tsaye?" Na ce masa an kusa.

Don Allah ki nemi tsohon makaɗinsa, ko yana da wani kaset ɗin. Kada Baba ya ji. Ki gaida Inna, ku yi addu'a a samu makaɗin yana da rai.

Ƙaninki,
Sani