Inda Aka Sa 'Yar Nonie Tansey

Drumlara, Gundumar Leitrim
3 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga Uwargida Nonie Tansey,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto miki ne a madadin kwamitin kula da kayan tarihi na ƙauyenmu. Bana za mu buga takarda mai ɗauke da wurare goma da ya kamata baƙo ya gani, ciki har da kangon tsohon coci, da rijiyar waliyyiya, da Ganuwar Aljanu da ke bayan gonarki.

An riga an fara gyaran ganuwar. An share ƙaya, an tattara duwatsun da ke warwatse a cikinta an gina wurin zama da su. A farkon Yuni za a zuba tsakuwa a yi hanya. Abin da ya rage shi ne allon bayani, kuma an shaida mana babu wanda ya kai ki sanin labaran aljanun wurin. Za mu so ɗan gajere, wanda yara za su ji daɗinsa.

Taki cikin girmamawa,
Dervla Kilbane, Sakatariya

*

Drumlara, 7 ga Afrilu

Dervla jikar Josie,

Allah da Maryamu su kasance tare da ke. Maƙwabciyata Attracta ce ke rubutawa, ni ke faɗa, don an cire ni daga makaranta ina shekara bakwai in yi jinyar uwata, ban sake komawa ba. Ta karanta mini takardarki, na sa ta maimaita wurin duwatsun nan sau uku.

Labarin aljanu kike so, to ga shi. Babu aljani ko ɗaya a ganuwar nan. Mu mata muka ƙirƙira, kamar yadda iyayenmu suka ƙirƙira mana, don kada yara su shiga wasa, kada maza su kora shanu ciki. Kakarki Josie ta fi kowa iya wannan ƙarya. Ita ce ke cewa duk wanda ya ɗauki dutse a can bakinsa zai karkace. Tana da 'ya'ya biyu a binne a ciki, mace da namiji. Ashe ku kuka tashi kuka gaskata, har da allo.

A zamaninmu, jaririn da ya zo babu rai, ko ya tafi kafin a yi masa baftisma, ba ya shiga maƙabartar coci. Ubansa ke ɗaukarsa, shi da namiji ɗaya, tun mutane ba su fito ba, su kai shi ganuwa, su ɗora dutse guda. Ba suna, ba addu'a, ba a gaya wa uwa wane dutse ne. Kwana biyu ki tashi ki je tatsar saniya, wadda kika gamu da ita a hanya ta yi miki zancen ruwan sama.

Tawa ta zo a shekarar babbar ƙanƙara, arba'in da bakwai. Mace ce, ungozoma ta faɗa mini wannan kawai, ba ta nuna mini ita ba. Mijina Thady ya fita da ita. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, “An yi abin da ya kamata, Nonie.” Ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwarsa, har ya tafi bai ƙara ko kalma ba. Tun da ban san nawa ba, nakan zagaya duwatsun duka da carbina. Talatin da ɗaya ne. Na san kowanne kamar haƙoran bakina, lokacin da nake da su.

Ranar Litinin na lallaɓa da sanda na je. Na tarar da ƙarti biyu zaune a kan bencinku suna cin burodi da shayi. Ɗaya ya matsa ya ce, “Zauna ki huta mana, Mama.”

Ki sa wannan a allonki. Attracta ta ce in sassauta harshe, ke yarinya ce ba ki sani ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ki gaida mahaifiyarki.

Nonie Tansey

*

Drumlara, 15 ga Afrilu

Ƙanena Malachy,

Allah ya sa kana lafiya, kai da Bernadette da yara, kuma iskar birnin Coventry ba ta gama cinye maka ƙirji ba. Na san ka fi sabawa da katin Kirsimeti daga gare ni. Wannan ba kati ba ne, ka nemi wuri ka zauna.

Sun kwashe duwatsun ganuwa sun gina benci don masu yawon buɗe ido. Na gaya wa jikar Josie abin da ke wurin. Ta zo har kicin ɗina tana kuka, na ba ta shayi, don ba a ga yarinya tana kuka a ƙyale ta. Amma shugaban kwamitin Fintan Deignan ne, ɗan Deignan mai jaki, wanda yanzu ya buɗe shagon shayi a bakin hanya yana jiran bas-bas. Shi ma ya zo, bai ko cire hula ba. Ya ce yana girmama ni ƙwarai, amma babu wannan a littafin coci, babu a taswira. Na ce masa ai dama don kada ya shiga littafin coci aka yi shi. Ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Ya ce ni kaina na faɗa ban ga an binne kowa da idona ba. Idan akwai mai rai da ya haƙa rami a wurin da hannunsa, ya rubuto ya sa hannu, za su rushe bencin su fasa hanyar. In babu, za a zuba tsakuwa ran ɗaya ga Yuni.

Duk mazan sun mutu, Malachy. Saura kai. Kai ka riƙe wa Thady shebur a safiyar nan. Ina kwance na ji takalminka a bakin ƙofa, na ji kana tari. Shekara hamsin da bakwai ban tambaye ka ba, don an koya mana ba a tambaya. Yau ina tambaya. Ta wane gefe kuka sa ta? Wajen ƙayar gabas ne, ko inda ganuwar ta rushe? Ka rubuta wa Dervla, ni ma ka rubuto mini. Ina so in tsaya a wuri guda kafin in mutu, na gaji da zagaye.

Yayarka,
Nonie

*

Coventry, 28 ga Afrilu

Yaya Nonie,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da kike kan ƙafafunki. Mu ma muna nan, sai gwiwa da ke damuna, likita ya ce a jira bazara. Bernadette na gaishe ki, ta ce ko rigar sanyin da ta aiko ta yi miki daidai.

Zancen Deignan bai ba ni mamaki ba. Ubansa ya taɓa sayar wa mutum jaki mai ido ɗaya, ya tsayar da shi ta gefen mai kyau. Kada ki bari ya hau miki jini.

Game da ɗaya maganar, Yaya, abin ya daɗe. Ƙanƙara ta rufe ko'ina a ranar, ba a gane gabas da yamma. Inda take tana hannun Allah, benci ba zai taɓa ta ba, wannan zan iya rantse miki. Ki bar shi haka. Ba zan iya sa hannu a takardar kwamiti ba.

Ƙanenki,
Malachy

*

Drumlara, 4 ga Mayu

Malachy,

Gaisuwa, tun da Attracta ta ce ba a fara wasiƙa babu ita.

Na tambaye ka 'yata, ka ba ni labarin jaki da gwiwa. Ba a gane gabas da yamma? Kai da kake gano tumakin Baba a cikin hazo ta hanyar warinsu? Ni na goya ka, ni na cire maka ƙwarƙwata, na san yadda kake yi in za ka yi ƙarya, sai ka fara da ba da dariya. Ta takarda ma na ji ka.

Na haifi huɗu bayanta, duk suna Boston da Sydney, suna bugo waya ranar Lahadi su tambaye ni ko na ci abinci. Ita kaɗai ce ba ta tafi ko'ina ba, ita ce kuma ban san inda take ba. Fada, limamin cocinmu na yanzu, ya ce ai coci ta daina tsananta wannan magana, Allah mai jinƙai ne. Na ce masa madalla, sai ya je ya gaya wa Josie da sauran, suna nan kwance bayan cocinsa nesa da 'ya'yansu.

Jiya babbar mota ta sauke tsakuwa a bakin gonata. Ina ganin tulin daga taga. Ka ce za ka iya rantsewa benci ba zai taɓa ta ba. Mutumin da bai gane gabas da yamma ba, da me zai rantse? Ka faɗi abin da ka sani. In ba haka ba, kada Bernadette ta wahalar da kanta ta turo ka jana'izata.

Nonie

*

Coventry, 12 ga Mayu

Yaya Nonie,

Allah da Maryamu su kasance tare da ke. Ki sa Attracta ta karanta a hankali.

Ba ta cikin ganuwa. Ba mu taɓa sa ta a can ba.

Mun je. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, shebur ya karye a hannuna. Thady ya tsaya rungume da akwatin man shanun da ungozoma ta sa ta a ciki, ya ce ba zai bar ta ƙarƙashin ƙanƙara karnuka su tono ba. Kin tuna Bartley Rooney, tuzurun nan da sanyin ya kashe a makon? Mu shida muka haƙa masa kabari a maƙabartar coci, sai da muka yini muna ƙona itace a kan ƙasar kafin ta yi laushi. Kabarin na nan buɗe, don ba a samu hanyar kawo gawar ba sai washegari. Thady ya shiga ramin, ya ƙara haƙa wajen ƙafafu da hannu da guntun shebur, ya ajiye ta, ya rufe. Washegari Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki a kan su biyu bai sani ba.

A hanyar dawowa Thady ya sa na rantse. Ya ce, “In Nonie ta sani, za ta tsaya a kabarin Rooney tana kuka, gari ya tambayi dalili, Fada ya sa a tono ta.” Kin san Fadan lokacin, da ya yi. Bayan Fadan ya mutu na ce wa Thady yanzu fa? Ya ce ya gan ki shekara ashirin kina zagaya ganuwa da carbi, da wane baki zai ce miki ba ta nan. Da Thady ma ya rasu, na zo jana'iza da niyyar faɗa miki, na kalle ki, na koma jirgi.

Shi ya sa ba zan iya sa hannu ba. Ban binne kowa a ganuwa ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙanenki,
Malachy

*

Drumlara, 18 ga Mayu

Malachy,

Na gaishe ka.

Na je. Attracta ta kai ni a motarta. Kabarin Rooney na jikin katanga, ciyawa har gwiwa, taku uku daga na Thady. Na yi shekaru ina jin haushin nacewar da Thady ya yi a binne shi a wannan lungu mai ruwa. Duk Lahadin duniya ina wucewa ta gaban 'yata da takalmin coci, ba ku ce mini juya ba. Ku biyu kuka zauna kuka yanke abin da zan iya ɗauka. Zancen yafiya ka bar shi, ban kai can ba, ban kuma san ko kwanakina za su kai ba.

Ga abin da za ka yi. Talatin da ɗayan nan iyayensu duk sun mutu, ni kaɗai na rage musu, ni kuma Deignan ya ce ban ga komai ba. Ka ɗauki takarda yau ka rubuta wa Dervla cewa kai Malachy Guckian ka haƙa rami a ganuwa da hannunka a shekarar arba'in da bakwai, ka sa 'yar yayarka a ciki, wajen ƙayar gabas. Ka sa hannu, ta iso kafin ɗaya ga Yuni. Attracta ta ɗora hannu a kan carbina ba za ta faɗa wa kowa ba.

Kada ka ce mini ƙarya ce ba za ka iya ba. Ka saba.

Ka gaida Bernadette. Rigar ta yi mini daidai.

Yayarka,
Nonie