Turmin da Ya Tsage

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, kuma ni ce mai karantawar.

Mama na nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Tun da sojoji suka koma bariki, Abuja ba ta huta ba, ko'ina gini, har dillalan fili sun fara leƙo garinmu Paikon Kore. Kowa ya yi wayar hannu. Gizagonka na rataye inda ka bar shi, ba mai taɓawa.

Baba, maganar turmin nan ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna da na fara aiki a ɗakin binciken katako, na matsa maka ka sassaƙa wa matar ogana turmi? Ni na nuna maka kiryar bakin rafi, wadda ta karkata, don ta fi kauri. Ka ce itacen da ya girma a jingine ba ya kwanciya, gizago yana tayar masa da gashi-gashi, in ya bushe sai ya ja kansa. Na yi dariya. Na ce shekara huɗu na yi ina karanta itace, ban taɓa jin wannan camfin ba. Da bakina na faɗa, gaban mutane.

Ka sassaƙa. Bayan wata biyu aka dawo da shi daga gidan ogana a Garki, a bayan mota, a tsage tun daga baki har gindi. Gari ya ɗauka hannunka ya mutu. Masu zuwa sayen turmi suka koma wani wuri, ni kuwa na ja bakina na yi gum.

Makon jiya na ɓallo ɗan guntu daga jikinsa, don Mama har yau kaji take zuba wa dusa a ciki. Na jiƙa, na yanka shi siriri, ya fi ɓawon albasa, na rina, na sa a madubin da ke ƙara girman abu. Itace a can ciki kamar damin kara yake, kowane zare da raminsa da bangonsa. Bangon hawa uku ne, kuma a lafiyayyen itace jan launi yake ɗauka in an rina. Naka sai ga wani hawa mai kauri daga ciki, shuɗi shar, ya kusa toshe ramin. Shi ne bishiya ke yi don ta jawo kanta ta miƙe. In ya bushe sai ya tsuke da ƙarfi, ya yage abin da ke gefensa. Shi ne gashi-gashin da kake faɗa. Yaya aka yi ka gan shi da tafin hannu, ni sai da na'urar da aka kawo daga Turai?

Na kai wa Mama hoton. Ta juya shi sama da ƙasa, ta miƙo mini, ta ce ita ba ta ga komai ba. Sannan ta gaya mini tun ranar da ka sare bishiyar ka ce mata zai tsage. Ka kuma hana ta faɗa wa kowa cewa ni na zaɓa, wai kada a ce 'yarka mai digiri ba ta san aikinta ba.

Don me, Baba? Shekara arba'in kana gina sunan nan. Kunya ta ishe ni, kuma kewarka ta fi kunyar.

Ranar Asabar zan je gida. Zan tsaya a gindin mangwaron da abokanka ke zama, in faɗa musu ni na zaɓi bishiyar, da bakin da na yi maka dariya da shi. Na san ka hana. Wannan ne karo na biyu da zan ƙi jin maganarka, ka yafe mini duka biyun.

Sai mun haɗu.

'Yarka mai taurin kai,
Lami