Ƙafar Keken Ɗinkin da Na Ba Baƙonka

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Greensboro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara. Ni ne Habu Tela, mai shagon ɗinki a High Point Road. Na zo gidanka, na kira waya, kullum sai a ce ka fita, shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani.

Na farko, bari in tuna maka. A bazarar 2006 ka shigo shagona da wani injiniya ɗan ƙasar Sin, abokin kasuwancinka. Ya ga ƙafar da nake ɗaura wa keken ɗinki, wadda na ƙera da hannuna don ta riƙe zare mai kauri a aikin wuyan riga. Ya juya ta, ya yaba. Sai ka dube ni, ka ce da Hausa baƙo ya yaba abu, ai na san abin da ya kamata. Na kuwa sani, haka aka tashe mu a Damagaram. Na kwance ta, na naɗe a ƙyalle, na ba shi tsaraba. Har ya tambaya ko na yi mata rajista, kai ka yi dariya ka ce mu ba ma rubuta suna a kan baiwar Allah.

Na biyu, a bana 'yata Rakiya ta nuna mini zanen ƙafar a kwamfuta. An yi mata rajistar mallaka a Sin da sunan mutumin, an kuma shigar da buƙata a nan Amurka. Ba zan zalunce shi ba: ya gyara ta, tasa ta fi tawa santsi, ba ta tsinka zare. Mutanen nan ba kwaikwayo kawai suke yi ba kamar yadda muke faɗa a hira. Suna ƙirƙira, kuma duk abin da suka taɓa sai sun kai shi ofis an buga hatimi. Mu muna nan muna kunyar a ce mun cika son kai.

Na uku shi ne abin da ya hana ni sakewa. Lauyan da na gani ya ce a dokar ƙasar nan, wanda ya fito da abinsa fili ya wuce shekara bai nemi rajista ba, ya rasa damar. Wannan na haƙura. Amma ya ce idan aka amince wa mutumin, ana iya zuwa a ce in daina aiki da tawa, sai in na nuna ni na riga shi. Da me zan nuna? Ban taɓa zana ta a takarda ba, ko hoto ban ɗauka ba. Alhaji, tsoro nake ji. Ka san yadda muke da kotu a ƙasar mutane. Mota ta tsaya a ƙofar shago, mai kwat da ƙulla wuya ya fito, sai in ji ƙafata ta sauka daga kan matakin keke da kanta. Ga salla ta matso, riguna sun taru, da wannan ƙafar nake ciyar da gidana.

Na ji kuma za ka kai wasu baƙi garin McLeansville su ga tandar kilishin da Malam Isuhu ya haɗa. Shi ma ba zai iya ce maka a'a ba.

Don haka ina roƙon ka dakatar da wannan ziyara, ƙungiya ta samo lauya ya zauna da masu sana'armu bayan sallar Juma'a, ya yi mana bayani dalla-dalla. Babban roƙona kuma, ka zo mu je wurin lauyana ka faɗi abin da ka gani ran nan, ka sa hannu. Na san kwantenarka ta hannun mutumin take fitowa, na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Amma mu uku ne a shagon, ɗaya yana Sin, ni kuma ba a karɓar shaidata a kan kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare dukiyarka, ya ba ka ikon faɗin gaskiya. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci, wajen takalma, har ka fito.

Wassalam.

Habu Tela,
Greensboro, 2008.