Idanun Dada a Ƙailula

Magariya, 4 ga Safar

Zuwa ga maiɗakina Hinda, a gidansu a Guci.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ina fatan iyayenki, Malam da Dada, suna lafiya.

Bayan haka, yayanki Sambo ya zo kasuwa, ya ce baƙon naki in ya yi barci idanunsa na yawo a ƙarƙashin fata, baki na motsi. Ya ce Dada na tashinsa da ruwan sanyi duk sanda ta gani, har ya fara ƙin nono, kuma ta kira wanzami ya tsaga masa gefen idanu ran Juma'a ta sama, wai iska ce ke leƙowa. Na san ɗan fari ne, bai kamata in buɗe baki a kansa ba. To, ba maganarsa nake ba. Maganar barci nake.

Kin san jaridun da lokotoro, wato dokta, ke yarwa, muna naɗe ƙwayar magani da su a nan gidan likita inda nake shara. Da su na koyi faransanci, ba wanda ya kai ni lakwal karatun boko. A ɗaya na karanta, kwana huɗu ina fama, cewa an manna wa mutane wayoyi a ka, allura na zana motsin ƙwaƙwalwa a takarda. A farke zanen ƙanana ne, kamar sawun kaji. In barci ya yi nauyi sai ya koma tozo bayan tozo, kamar ayarin raƙuma. Can sai sawun kajin ya dawo, mutum bai farka ba, idanu su kama yawo. Lokacin mafarki ke nan.

Ban yarda da takarda haka kawai ba. Barau gardi na barcin ƙailula kullum da rana a gindin tsamiya. Na tashe shi yana minshari, bai ma san garin da yake ba. Washegari na jira idanunsa suka motsa, na tashe shi, ya ce zabuwa yake bi a gonar ubansa, saura ƙiris. Ya zage ni har kakata.

Na tambayi lokotoro. Ya yi dariya wai ni mai shara ina karatu, Allah ya isa, amma ya ce jarirai sun fi kowa yin haka. Abin tsoro zazzaɓi ne, ko sandarewa, ko a tashe shi ya ƙi tashi. In kin ga ɗaya, ki hau kamyo, babbar motar kasuwa, ki kawo shi. In babu, a bar shi ya yi barci.

Ki gaishe da kowa. Mijinki, Ɗalha.

Magariya, 9 ga Safar

Zuwa ga Hinda, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku.

Takardarki ta zo. Wato Dada ta ce surukinta ya cinye kunya, yana ƙirga ƙiftawar idon ɗan fari, kuma takardar nasara ba ta san iska ba. Na ji. Ba zan mayar wa surukuwa magana ba, ko da yake ina da ita fal bakina.

Ga abin da za ki yi. Bayan azahar Dada na kishingiɗa a rumfa. Ki zauna kusa, ki kira Malam da Goggo su zama shaidu. Sai kin yi haƙuri, abin ba ya zuwa da wuri, sai barci ya kai kamar dahuwar wake. In idanunta suka fara yawo, ki tashe ta a hankali, ki tambayi abin da ta gani. In iska ce, aska ta fara da babba.

Wannan layi na ƙarshe kada ki karanta mata.

Naki, Ɗalha.

Magariya, 15 ga Safar

Zuwa ga Hinda. Gaisuwa da fatan alheri, yaya gajiyar jego?

Sambo ya kawo labari. Sai rana ta uku aka dace. Ya ce da kika tashe ta, ta ce uwarta marigayiya Turai ce ke mata kitso, an kusa gamawa. Ta yi kuka. Da yamma ta aika wa wanzami ya zauna abinsa, ta hana kowa taɓa yaron yana barci, wai ba a sallamar wa mutum baƙinsa.

Wato ba allura ba, ba jarida ba, ba kwana huɗuna ba. Kitso. Shi ke nan, tunda aska ta koma zabira, kuma an ce yaron ya kama nono.

Abu ɗaya jaridar ba ta faɗa ba, na sake bin ta layi-layi: wa jariri ke gani, shi da bai san kowa ba? Dada ta ce magabata ne. Ni ban sani ba. Na dai san ba ni ba ne, don ranar suna a zaure na tsaya kamar yadda aka ce in yi, bai taɓa ganin fuskata ba.

Saura kwana goma sha ɗaya ku yi arba'in. Ba ƙirgawa nake ba.

Ki gaishe da Malam. Ki gaishe da Dada, in ta amsa.

Mijinki, Ɗalha.