Askin da Na Yi wa Ciyawar Kifi

Malamata,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai tarin yawa. Yaya ƙarfin jiki, yaya nauyi? Ki gaida Yaya mai masaukinki, ki ce na gode da ta ƙwace wayarki, ko kya huta da karanta cututtukan da ba ki da su. Likita cewa ya yi ki kwanta har ki sauka, to ki kwanta.

Kin tambayi kifayenki kafin ki tambaye ni, na gani, na kuma haƙura. Suna lafiya. Manaja, wannan babban kifin enjel ɗin naki mai faɗi kamar faifai, yana nan yana zagaye tanki yana hura hanci. Jariran kifin gofin da kika bari, su goma sha huɗu, ban cika ganinsu ba, kullum suna cikin ciyawa.

Ciyawar nan kuwa ta dame ni. Ta yi buzu-buzu har saman ruwa. Shekara ashirin ina aski, kai ɗaya bai taɓa fita daga shagona a haka ba. Jiya na ɗauko ƙaramin almakashina na daidaita ta tas, gefe da gefe. Da kin ga tankin yanzu, sai kin ƙara mini matsayi.

Naki har kullum,
Mai Aski

Malamata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da wanda ke tafe. Zauna sosai kafin ki ci gaba. Ba mutuwa aka yi ba, kowa lafiya, amma na yi ɓarna.

Jariranki saura uku.

Shekaranjiya da safe ina zuba abinci, na ga Manaja ya bi ɗaya a hankali, ya buɗe baki, shi ke nan. Ko taunawa bai yi ba. Na kwashe sauran cikin bokiti, na ruga wurin mai sayar da kifi. Da ya ji abin da na yi, sai da ya dafe kai. Ya ce enjel ba mugu ba ne, amma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, kuma ciyawar nan da na raina ita ce ɗakin da ƙanana ke ɓuya har su yi girman da ba za su haɗiyu ba. Wato da hannuna na yaye musu rufi.

Ya tausaya mini, ya kamo sha ɗaya masu girman naki, ya ɗaure a leda, ya ce ba za ki taɓa ganewa ba. Wallahi na karɓa. Har na kai bakin titi. Yaya ma da na kira ta cewa ta yi in yi shiru, likita ya hana a tayar miki da hankali.

A bakin titin na tuna bara. Kwana biyu ni da likita muka san wancan cikin naki ya lalace, ina zaune gefen gadonki ina ce miki komai lafiya. Kin yafe mini, amma tun daga ranar, in na ce miki lafiya sai ki tsura wa fuskata ido. Wannan kallon yana ci mini rai fiye da yadda nake faɗa. Na koma na mayar wa mai kifi da ledarsa.

Ina tsoron abin da takardar nan za ta yi miki. Amma na fi tsoron in sake yi miki ƙarya. Ki yafe mini.

Mijinki mai laifi,
Mai Aski

Malamata, hasken gidana,

Gaisuwa da godiya. Amsarki ta same ni a shago, na bar wani bawan Allah da rabin kai na shiga ciki na karanta. Kin ce kin yi kuka, kin kuma kira ni sarkin karambani har sau biyu. Na karɓa. Sharaɗinki ma na karɓa: almakashina ba zai ƙara wuce ƙofar falo ba.

Na raba tankin biyu da raga, Manaja a gefe guda yana hararata, ukun a ɗaya gefen cikin sabuwar ciyawa. Mai kifi ya ce sai sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu za a cire ragar, kuma a riƙa ƙosar da Manaja safe da yamma. Ɗaya cikin ukun har wutsiyarsa ta fara ja.

Sai layinki na ƙarshe. Kin ce ranar Alhamis da za a yi hoton ciki ba kya son jin sakamako daga bakin likita ko Yaya, ni kike so in shiga in ji, in fito in gaya miki, kowane iri ne. Malama, na karanta wurin nan na kasa komawa kan mutumin nan, sai maƙwabcina ne ya ƙarasa masa askin.

Na riga na manna takarda a ƙofar shago cewa ba aiki ranar Alhamis. Ƙarfe bakwai ina ƙofar Yaya. Abin da likita ya faɗa shi za ki ji, ba ragi ba ƙari.

Ki gaida Yaya, ki ce ta daina fushi da ni.

Naki, mai ƙaunarki,
Mai Aski