Zabirar Baba a Bayan Gilashi

Harra ta Gabas, Madina
14 ga Sha'aban, 1419

Zuwa ga Yaya Zenabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Nasrullahi da yara duka. Yaya ƙafar taki? Masu Umara da suka zo daga Kano sun ce har yanzu kina ɗingishi, kuma kin ajiye maganin da na aiko kin koma wa jiƙe-jiƙen maƙwabta. Ki ci gaba, tun da ƙanin naki da ya yi shekara biyar yana karatun haɗa magani bai kai su sani ba. Allah dai ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Mu nan muna lafiya, Inna tana nan da ƙarfinta gwargwado, sai idon da ya ƙara rauni. Sara ta sauka ranar biyu ga wata, an samu namiji bayan 'yan matan nan huɗu, aka raɗa masa sunan Baba, Badaru. Na san za ki yi guɗa in kin zo nan, to ki yi ki gama, domin abin da ke ƙasa ba na guɗa ba ne.

Maganar zabirar Baba ce. Kin fi ni saninta, tun da ke kin gan ta fatar tana da sauran ja. Da ita ya baro Ringim a ƙafa, da ita ya ci abinci a Sudan shekara bakwai yana aski da ƙaho, da ita ya ƙetare teku, kuma da askar nan mai baƙar ƙota ya yi mana askin suna mu uku. Da ya rasu babu wanda ya gaji wanzanci a cikinmu. Kina nan ai lokacin da ƙaninmu Lurwanu zai tafi Amurka karatun likita, ya durƙusa gaban Inna ya roƙi zabirar, wai yana so ya riƙa ganin wani abu na Baba a baƙuwar ƙasa. Inna ta ba shi a kan amana, da sharaɗi ɗaya: duk ranar da aka haifi wanda zai ci sunan Baba, zabira ta dawo, Baba Ɗan'inna abokin sana'arsa na Uhudu ya yi wa jaririn aski da askar kakansa. Shi ya sa da wurin aikinmu suka tura ni taron masu magani a Amurka wata biyu da suka wuce, Inna ba ta ce in kawo mata tsarabar komai ba. Ta ce cikin Sara ya tsufa, jikinta yana ba ta namiji ne, in biya wajen Lurwanu in taho da zabira. Na buga masa waya na faɗa masa, ya yi dariya ya ce in zo dai, akwai abin da zai nuna mini.

Kwana huɗu na yi a garinsu, can jihar Ohayo, tsakiyar ƙasar. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki hutu ya riƙa yawo da ni gidajen tarihi, irin waɗanda 'yan nan ke cewa mathaf, amma ƙanana, kowanne da abu ɗaya tak da ya sa a gaba. Mun shiga wani na agogo zalla, ɗaki shida, kowane agogo da lokacin da ya ga dama. Mun shiga na 'yan kwana-kwana, da tsofaffin motoci da hulunan tagulla. Akwai na keken ɗinki, inda na ga irin naki sak, wanda kike zagi kullum, an kewaye shi da igiya kamar babban baƙo. Na yi dariya har da hawaye, na ce wa Lurwanu mutanen nan ba su da aikin yi. Amma a raina abin ya burge ni, Yaya, domin kowane tarkace da 'yar takardarsa a gefe: wane ɗan wane ne ya yi aiki da shi, daga shekara kaza zuwa kaza. Ko cokalin mai gadi ne sai ka ga sunansa. Kowace safiya kuwa ina tambayar zabira, yana cewa in yi haƙuri, tana wuri mai kyau.

Rana ta uku ya kai ni wani tsohon gidan likita da aka mayar wurin ajiye kayan asibiti na da, su zarton yanke ƙafa da kwalaben magani. Nan ne ya fi kusa da aikina, har na saki jiki ina karance-karance. Sai ya kama hannuna ya ja ni ƙasa, wani lungu kusa da ƙofar fita, yana murmushi irin na wanda ya shirya maka kyauta. Ban buƙaci a faɗa mini ba, tun daga nesa na gane ɗinkin da Inna ta yi wa maratayin zabirar da baƙin zare. An baje ta a cikin akwatin gilashi, an zazzage cikinta kaf. Ƙahonin an jera su daga babba zuwa ƙarami, ga 'yar tsaga, ga almakashi, ga fatar washi. Askar kuwa an buɗe ta an kwantar, kaifi yana kallon sama. Ke kin san Baba bai taɓa barin aska a buɗe ba ko na ƙiftawar ido, kuma kin san irin ranƙwashin da na sha a kan haka. Na sunkuya na karanta takardar da ke gefe. An rubuta cewa kayan tsafi da magani ne na wani boka daga Afirka ta Yamma, ba a san mai su ba. A ƙasa kuma, da rubutu mai kyau, kyauta daga Dakta Lurwanu.

Boka, Yaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya bai rasa Asuba a Harami ba sai ranar da jiki ya ƙi. Ina tsaye ban gama haɗiye wannan ba, sai ga mai kula da wurin, wata dattijuwar Baturiya mai fara'a, ta zo da sauri tana gaishe da likita. Da ta ji ni wansa ne, ta riƙe hannunta a ƙirji tana godiya, ta ce yaran makaranta sun fi son wannan akwatin a kan kowanne. Sannan ta tambaye ni ko na san tsohon baƙauyen nan da likita ya ce a wajensa ya tsinto kayan, domin sun so su sa sunansa ba su samu ba. Na dubi Lurwanu, shi kuma ya dubi takalminsa. Na ce mata na san shi ƙwarai, ubana ne, kuma uban likita ne. Matar nan fuskarta ta yi ja wur, ta fi ɗan'uwanki jin kunya. Na roƙe ta askar kaɗai, na yi mata bayanin askin suna iya Turancina. Ta ce wallahi ta gane, ko dai abin da ke matsayin wallahi a wajensu, amma shekara uku ke nan da likita ya sa hannu ya mallaka musu, ba ta da ikon buɗe akwatin sai kwamiti ya zauna, kuma ko ita ba ta taɓa kayan sai da safar hannu. Haka na fito, ban ko ji ƙamshin fatar ba.

A mota na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi ba, ba zan maimaita miki ba. Shi ma bai yi shiru ba. Ya ce a Madina ƙarƙashin gadon Inna muka cusa ta tana ƙura, a nan kuwa an ba ta ɗaki mai sanyi da fitila. Ya ce wane ne a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban 'yan ajinmu Larabawa ya ce ubansa wanzami ne, kuma ni da nake ta da jijiyar wuya, ba tajir, wato ɗan kasuwa, nake rubutawa ba duk inda aka tambayi sana'ar uba. Wannan ta same ni, domin gaskiya ce. Na ji kunyar zabirar nan ina yaro, nakan canza hanya in na hango Baba a bakin kasuwa yana yi wa wani ƙaho. Amma ni kunyata a cikina ta tsaya, ban ɗauki amanar Inna na kai wa baƙi na ce a hanya na tsince ta ba. Har filin jirgi ba mu ƙara magana ba, sai sallamar da ta zama dole.

Na dawo na yi wa Inna ƙarya, Allah ya yafe mini. Na ce ba a shiga jirgi da aska, Lurwanu zai aiko ta hannun wani. Mako shida tana tambaya ina ƙara wata ƙaryar a kan wata. Ranar suna da hantsi Baba Ɗan'inna ya iso daga Uhudu, tsoho tukuf, an riƙo shi a matakala. Ya zauna a tabarma, aka ɗora masa jariri a cinya, ya miƙo hannu ya ce a ba shi askar Badaru. Inna ta juyo wajena. A gaban mutane na faɗi inda take, da yadda aka yi. Tsohon nan ya buɗe tasa zabirar ya yi aski, ya yi addu'a, ya ƙi tsayawa cin abinci. Inna ba ta yi kuka ba, ni da ma ta yi. Juma'ar da ta wuce Lurwanu ya bugo kamar yadda ya saba, ta ce a gaya masa tana lazimi.

Jiya bayan La'asar ta kira ni ta ce in faɗa mata abin da aka rubuta a jikin akwatin, kada in rage komai. Na faɗa. Sai ta ce shi Baba yana maƙabartar Baƙi'a kwance babu suna a kansa, wannan kuwa ba ta dame ta ba, domin waɗanda suka fi shi ma haka suke kuma Allah ya san kowa. Amma can inda aka baje masa kaya, waɗanda ke kallo ba su san shi ba sai abin da aka gaya musu. Ta ce in kawo alƙalami. Ta yi mini shifta kamar ɗan makaranta: Badaru ɗan Habu, wanzami ɗan wanzami, mutumin Ringim, Musulmi, ya zo Madina a ƙafa, ya rasu a cikinta. Ta ce in sa 'ya'yan da ya bari. Ta ce Zenabu, na rubuta. Ta ce Sabiru, na rubuta. Na ɗaga alƙalami ina jira. Sai ta ce in bar fili a ƙasa, in Lurwanu ya yarda shi ɗan wanzami ne, ya sa sunansa da hannunsa ya kai wa Baturiyar nan ta maye gurbin waccan takardar ta jikin akwatin.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Ke na aiko wa, domin ke kika goye shi, kuma ke kaɗai yake jin nauyi har yanzu. Ni in na rubuta masa zagi zai fito. Ki haɗa da taki ki tura masa, ki gaya masa Inna ba ta yi masa baki ba, amma ba za ta ɗauki waya ba sai ta ji an cike filin nan.

Ki gaishe mini da Malam Nasrullahi, da Amatullahi da maigidanta, da Ali in ya dawo daga Zariya. Sara da su Mimi suna gaishe ki, Inna kuma ta ce ki sha maganinki ki daina taurin kai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.
Ƙaninki,
Sabiru